Maigida ya ce tsohuwa, ƙanina ya ce ta yayi: wace ƙaramar jif zan saya?

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ina da yara uku. Shekara huɗu ke nan ina tara kuɗi, da adashi da rancen ƙungiyarmu ta wurin aiki, don in sayi ƙaramar jif. Layinmu ba kwalta, da damina ƙaramar mota sai ta riƙa dukan ƙasa. Zirga-zirgata ba ta da nisa: in kai yara makaranta, in wuce wurin aiki, in dawo, duka-duka bai fi kilomita 20 a rana ba, amma cikin cunkoso. Sai kuma Funtua wajen mahaifiyata duk bayan wata biyu. Yanzu kaina ya ɗaure. Maigida ya ce in sayi Toyota RAV4 ko Honda CR-V ta wajen 2013, ko da ta kwana biyu. Ƙanina ya ce kuɗin nan za su saya mini ta 2018, Ford EcoSport ko Peugeot 2008 (sunan motar ke nan, ba shekararta ba), mai ƙaramin inji da turbo, ba ta shan mai, ga allo ga kyamarar baya. Dillali kuma ya samo wata Nissan Qashqai mai dizal daga Turai, ya ce idan na cika tanki sai na manta hanyar gidan mai. Har maganar ta fara haɗa maigida da ƙanina. Ni dai tsorona kada in ƙare ina biyan bashi mota na kwance a gareji. Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a abin da kika tara. Shekara huɗu ana hana ido barci ana hana baki daɗi don a cimma buri guda ba ƙaramin abu ba ne, saboda haka tsoron da kike ji yana kan hanya.

Ba zan ja miki rai ba. A cikin ukun nan, idan aka dubi irin zirga-zirgarki da garin da kike zaune, shawarar maigida ta fi kusa da daidai. Amma ba don motar ta tsufa ba, ba kuma don tambarin da ke hancinta ba. Akwai RAV4 da ba zan bari ƙanwata ta saya ba, akwai CR-V ma haka, kuma zan faɗa miki su a gaba. Abin da ya karkatar da ni shi ne irin injin da ke ciki, da irin giyar da aka haɗa shi da ita, da amsar wata tambaya da dillali ba zai taɓa ɗauko miki ita ba: ranar da motar nan ta tsaya miki da la'asar a tsakiyar Kawo, wa zai gyara ta, kuma a wane shago kayan gyaranta suke?

Ke 'yar Kaduna ce, tarihin Fijo ba baƙo ba ne a wurinki. Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, kuma 504 ta yi sarauta a titunan Arewa shekara da shekaru. Za ki ji manya suna cewa 504 ba ta lalacewa. Tana lalacewa mana. Abin da ya faru shi ne, duk ƙauyen da ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayanta kuma na rataye a kowane shago. Ta lalace da hantsi, kafin azahar ta hau hanya. Irin wannan ƙarkon shi ne mai mota ke ji a jikinsa da aljihunsa. Rabinsa a cikin ƙarfen yake, rabinsa kuma a Panteka yake, da Ƙofar Ruwa a Kano, da hannun bakaniken unguwarku. Yau kujerar da 504 ta bari, Toyota da Honda ne ke zaune a kanta.

To bari mu yi wa ƙaninki adalci, don maganarsa ba ta banza ba ce. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, duk mai mota ya koyi kallon allurar tanki. Kuma gaskiya ne, ƙaramin inji mai turbo ya fi babban inji tattalin mai. Dabarar ita ce: an rage girman injin zuwa lita 1.0 ko 1.2, fulogi uku maimakon huɗu, sannan aka sa wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana cusa wa injin iska da ƙarfi don ya ba da ƙarfin babba. Wannan fankar ita ce turbo. Tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙi, kuma abin da ke hana ta ƙonewa shi ne baƙin mai mai tsabta da ke ratsa ta. Fasaha ce mai kyau. Injin Ford na lita 1.0 da ake kira EcoBoost ya ci kambun gwarzon inji na duniya shekara uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Na Peugeot mai lita 1.2 da ake kira PureTech shi ma ya ci na rukuninsa daga 2015 zuwa 2018. Sai dai alƙalan da suka ba da kambun sababbin motoci suka tuƙa. Ke kuwa wadda ta yi shekara bakwai ko takwas a hannun wani za ki saya, kuma abin da shekaru suka bayyana game da injinan nan biyu shi ne ya kamata ki sani.

A cikin kowane inji akwai abin da ke daidaita motsin sama da na ƙasa, kanikawa na ce masa taimin. A wasu injinan sarƙa ce ta ƙarfe, a wasu bel ne na roba da ke waje, a bushe, ana canza shi idan lokacinsa ya yi. A waɗannan injinan biyu kuwa, na shekarun da ƙaninki ke magana, bel ɗin roba ne amma a cikin baƙin mai yake wanka dare da rana. An yi haka ne don rage ƙara da rage shan mai. Matsalar ita ce, idan man ya tsufa, ko fetur ya gauraya da shi saboda gajerun tafiye-tafiye, ko aka zuba wanda ba nasa ba, robar sai ta fara kumbura tana ɓarɓashewa. Ɓarɓashin ya gangara ƙasa, ya toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Daga nan inji ya shiga ƙishi, turbo ta fara cin kanta, wani lokaci har birki ya yi tauri a ƙafa saboda famfon da ke taimaka masa shi ma ya samu matsala. Ba zancen teburin mai shayi ba ne. Kamfanin Stellantis, wanda Peugeot ke ƙarƙashinsa, ya tsawaita garantin wannan matsala har zuwa shekara 10 ga masu motocin a Turai, a sababbin injinansa kuma ya koma sarƙa. Ford ma a ƙarshen 2023 ya yi kiranyen motoci kusan 140,000 a Amurka, ciki har da EcoSport mai injin lita 1.0, saboda bel ɗin da ke juya famfon baƙin mai da abin da ke ɗaure shi. Mai mota a Faransa ko Amurka zai kai ta a gyara masa. Wannan garantin ba ya hawa jirgin ruwa ya biyo motar zuwa Kaduna.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ana kwance kaskon ƙasan injin wata ƙaramar jif mai irin wannan bel. Bakaniken ya ciro rariyar ya ɗaga ta sama, ko ɗigon haske ba ya ratsa ta. Ya sa ƙusa ya kankaro abin da ya manne, baƙi ƙirin kamar garin gawayin da aka kwaɓa, ya murza tsakanin yatsunsa ya nuna wa mai motar ya ce, "Alhaji, wannan bel ɗinka ne." Jikin motar ko ƙwarzane babu, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba. Shekara biyu ana yi mata sabis da mai mai kauri irin wanda ake zuba wa tsofaffin motocin haya, don shi wanda ke yi mata sabis ɗin ya sani. Ta yi watanni a ƙarƙashin darbejiya, an lulluɓe ta da tamfol, ana jiran inji daga Legas. Mai motar kuwa ya koma hawa A Daidaita Sahu yana biyan bashinta. Abin da kika ce kina tsoro ke nan, kuma da idona na gan shi.

Ga kuma batun fetur. Yawancin ƙananan injinan Turai an tsara su ne a kan fetur mai lamba 95 a ma'aunin ingancin fetur, kuma suna fesa man kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, ta ƙofofin da ba su kai tsinin allura ba. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, ba a tambayarki wanne kike so. Kin kuma tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa, layi ya dawo gidajen mai. Kan hanyar Funtua wata rana dole za ta sa ki sha man bumburutu a galan. Babban inji mara turbo yakan haɗiye irin wannan ya yi tari ya wuce. Ƙaramin mai turbo ba shi da wannan haƙurin.

Ki zauna da ƙaninki ku yi lissafi da biro da takarda. Kilomita 20 a rana, kusan 600 ke nan a wata. Mu ƙaddara ƙaramin injin zai rage miki lita 3 a kowane kilomita 100. Lita 18 ke nan a wata, ɗari biyu da 'yan kai a shekara. Ku buga da farashin lita na yau. Sannan ya je Panteka ya tambayi kuɗin turbo guda ɗaya na wannan motar, da kuɗin injinta na Beljiyam, da kuma shago nawa ke da shi a ƙasa ba sai an aika an kawo ba. Da a ce ke mai dogon zango ce kullum, lissafin zai iya sauyawa. A tafiyarki, ribar man ba ta kai a sa jari a cikin kasada saboda ita ba.

Idan dai ranki ya kwanta da EcoSport, ta Amurka tana da wani injin, lita 2.0 mara turbo, mai sarƙa. Wannan ya fi kwanciyar hankali. Sai dai motar ƙarama ce ƙwarai, ki gwada zaunar da yaranki uku a baya da jakunkunan makaranta kafin ki yi sha'awarta.

Maganar dillali ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Injin dizal na Qashqai mai lita 1.5 inji ne da aka san shi da juriya da tattalin mai, ba na musu. Amma na mai doguwar tafiya ne. Motocin dizal na Turai na zamani suna da matata a cikin salansa da ke kama toka da baƙin hayaƙi, kuma ba ta wanke kanta sai motar ta yi gudu a buɗaɗɗen titi na tsawon lokaci, salansa ta yi zafi sosai ta ƙone abin da ya taru. Ke kuwa daga gida sai makaranta, daga makaranta sai wurin aiki, inji bai gama ɗumi ba kin kashe shi. Matatar za ta toshe, fitila ta kama a dashbod, mota ta rage ƙarfi. Abin da za a ce miki a gareji shi ne a fasa a cire ta, daga nan kuma a shiga rigima da kwamfutar motar. Ga litar dizal ta fi ta fetur tsada a ƙasar nan, ga masu gyaran famfo da nozul na ƙananan motocin dizal ba su da yawa. Ki gode wa dillali, ki ce masa ba irin taki ba ce.

Akwai abin da mutum uku ɗin nan duk ba wanda ya ambata miki, kuma shi ke kwantar da motoci kusan kamar inji: giya. Otomatik ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gargajiya, wadda za ki ji tana canzawa ɗaya, biyu, uku. Kanikawanmu sun san ta, tana da haƙuri da zafi da cunkoso. Akwai wadda ake kira CVT, ba ta da hawa-hawa, bel ne na ƙarfe ke zamewa tsakanin wasu faifai biyu. Tana da laushi a tuƙi, tana rage shan mai, amma ba ta son zafi, kuma man giyarta na musamman ne. Idan aka zuba mata jan man giya na gama-gari an gama da ita, kuma a nan ba a cika gyara ta ba, sai dai a sauke a ɗora wata. Nissan da kansa ya taɓa ninka garantin CVT ɗinsa na motocin 2003 zuwa 2010 a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Sai ta uku, mai kuloci biyu, wadda a zahiri manuwal ce da kwamfuta ke canza mata giya. A buɗaɗɗen titi tana da daɗi, amma tafiyar tsaya-matsa ta cunkoso tana cinye mata kuloci. Ke ta farkon za ki nema. Kada ki tsaya a kan "otomatik ce" kawai, ki tambaya wace iri, kuma a duba miki.

Yanzu ga waɗanda maigida ya ambata, amma sai an tsefe su.

RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin lita 2.4, wanda lambarsa 2AZ-FE, an san ta da shan baƙin mai saboda ringin fistin, har Toyota ta fitar da shiri na musamman na gyara wa masu ita a Amurka. Ki bar ta ko da an karyar miki da farashi. Daga 2009 aka koma injin lita 2.5 mai lamba 2AR-FE, wanda ya ci gaba har 2018. Fulogi huɗu, ba turbo, sarƙa maimakon bel, kuma shi ne dai injin da ke cikin Camry ta 2010 zuwa 2017, wato kayansa sun cika kasuwa kuma kowane bakanike ya taɓa buɗe shi. Ta 2013 zuwa 2018 tana da giya shida ta gargajiya. Abin lura guda: wasu na 2013 zuwa 2015 sukan yi wata 'yar karkarwa idan ana tafiya a hankali tsakanin kilomita 40 zuwa 80, kamar an hau kan ƙananan kunyoyi. Daga giya take fitowa. A gwada a wannan gudun, ƙafa a sassauce kan totur, idan an ji ta a wuce zuwa wata. Duk wannan maganar ta Amurka nake yi. RAV4 da ta fito daga Turai sau da yawa injinta daban ne, wasu dizal, wasu lita 2.0 da CVT.

CR-V ta 2012 zuwa 2014 tana da injin lita 2.4 mai sarƙa da giya biyar ta gargajiya. Inji ne mai rai tara. Abin da aka fi sanin sa da shi shi ne wata ƙara ta daƙiƙa ɗaya ko biyu idan an tayar da shi da sanyin safiya, daga wani ƙarfe da ke saman injin. Ana canza shi, amma ki sa kuɗinsa cikin ciniki. Daga 2015 Honda ta koma CVT, daga 2017 kuma yawancinsu injin lita 1.5 ne mai turbo, wanda aka yi ta ƙorafin fetur na gauraya da baƙin mansa, musamman a ƙasashe masu sanyi da gajerun tafiye-tafiye. Saboda haka a Honda, ki tsaya a 2014 zuwa ƙasa.

Za a iya nuna miki Hyundai Tucson ko Kia Sportage a farashi mai sauƙi, kuma motoci ne masu kyan gani da daɗin zama. Ki dai sani cewa wasu injinansu na lita 2.0 da 2.4 na shekarun 2011 zuwa sama, waɗanda ake kira Theta II, sun jawo kiranyen motoci masu ɗimbin yawa a Amurka saboda bugawar inji, har hukumar kula da lafiyar motoci ta can ta ɗora wa kamfanonin biyu hukuncin dala miliyan 210 a 2020 kan jinkirin kiranyen. Ba duka ne ke da matsalar ba, amma sai da wanda zai tantance miki wane inji ne a ciki.

Idan shan mai ne ya fi damun ki, hanyar da ta fi dacewa da cunkoso ita ce mai haɗa fetur da batir, wadda ake kira haibirid. RAV4 tana da irinta daga 2016. A goslo injin yakan mutu da kansa batir ya ja motar, a nan ne take nuna bajintarta. Ita ma za ki ga an rubuta CVT a takardarta, amma ta Toyota haibirid ba mai bel ba ce, haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki, kuma tana da ƙarko. Sai dai ta fi tsada, batirin yana tsufa, ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya shi, kuma sai kin san wanda ya iya aikinta a garinku kafin ki saya, ba bayan kin saya ba. Batun mai jan ƙafa huɗu kuwa, ba ki buƙatarsa. Tudun motar ne zai fitar da ke daga layinku, ba jan ƙafa huɗu ba, kuma mai jan gaba kawai ta fi sauƙin mai da sauƙin gyara. Ki kuma riƙe wannan: jif ba kwalekwale ba ce. Idan ruwa ya kai rabin taya ki juya, don inji in ya zuƙi ruwa ko na wane kamfani ne ya tafi.

Duk abin da na faɗa a kan irin mota ne. Ke kuwa mota guda ɗaya za ki saya, mai nata tarihin, kuma RAV4 da ta kwana cikin ambaliya a Amurka ta fi kowace EcoSport mai lafiya sharri. Kada ki yi cinikin biri a sama, kada ki tura kuɗi a kan hoto. Ki samo bakanikenki, wanda ke za ki biya shi kuɗin yininsa, ba wanda dillali ya kawo ba, don shi dillali la'adarsa na rataye ne da a yi ciniki. Ku je da sassafe, ku ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Ki ɗora tafin hannunki a kan bonet. Idan da ɗumi, an riga ku, ku dawo gobe. Injin da ya kwana shi ke faɗin gaskiya: ƙara, kakkarwa, shuɗin hayaƙi, duk a minti na farko suke fitowa. Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi ki ƙirga fitilun dashbod. Fitilar inji da ta jakar iska da ta birki dole su kama sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, to an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta don a ɓoye wani abu. A buɗe murfin baƙin mai a duba cikinsa. Idan akwai wani kumfa mai kama da madara da shayi, ruwa na shiga inji. A ɗaga kafet ɗin ƙasa, a leƙa ƙarƙashin kujeru, a shinshina: tsatsa a kan ƙarafan kujera, busasshen laka a lungu, warin danshi da aka danne da turare, alamun ambaliya ne. A sa mata kwamfuta. A kunna AC a bar ta a tsaye minti ashirin ana kallon allurar zafi. Idan fankar lagireto ta tashi tare da inji kuma ba ta tsayawa, an haɗa ta kai tsaye, wataƙila an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, kuma sau da yawa hakan na nufin motar ta taɓa yin zafi.

A ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba akwai lambar shasi, haruffa da lambobi 17. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ke faɗin shekara: C 2012 ce, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016. Wannan zai kare ki daga waɗanda ke canza fitilu da bamba su ce miki tsohuwa sabuwa ce. Nan ne aikin ƙaninki, tunda ya iya waya: ya sa lambar a intanet. Yawancin motocin da aka saya a gwanjon kamfanonin Amurka Copart ko IAA hotunansu na nan, za ku ga yadda take kafin fanal bita ya taɓa ta, da abin da mitarta ke nunawa a lokacin. Ki tuna mitar Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne, kuma ana mayar da mita baya. Takardun kwastan kuma a kai ofishinsu a tabbatar kafin kuɗi su bar hannunki.

Kada ki zuba duk abin da kika tara a farashin mota. Ki ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma. Ranar da ta shigo gida za a canza baƙin mai da matatarsa, da matatar iska, da ruwan lagireto, a duba man giya da birki, wataƙila tayoyi da batir, ga rajista da inshora. Idan wannan ya sa dole ki sauko daga 2014 zuwa 2012, ki sauko.

Bayan nan rayuwar injin a hannunki take. Ki karanta lambar da aka rubuta a kan murfin baƙin mai ko cikin littafin motar. Injinan RAV4 da CR-V ɗin nan mai mara kauri suke so, irin 0W-20 ko 5W-20. Za a ce miki ƙasarmu da zafi, a zuba 20W-50. Kada ki yarda. Ki sayi man da kanki a wurin da kika amince, don jabu ya yi yawa, ki tsaya a buɗe galan ɗin a gabanki. Da ƙurarmu da gajerun tafiye-tafiyenki, duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. A lagireto ruwansa mai launi za a zuba, ba ruwan rijiya ba, kuma duk wanda ya ce a cire tamostat ki ce a bar shi inda masu motar suka sa shi. Da hunturu a riƙa duba matatar iska. Tafiyar Funtua ɗin nan ma alheri ce ga injin, tana ƙone danshi da fetur ɗin da zirga-zirgar gari ke tarawa a cikin mai.

Saura maganar gida. Kuɗinki ne, bashinki ne, ke za ki zauna a bayan sitiyari, saboda haka hukunci naki ne, kuma su biyun don suna ƙaunarki suke jayayya. Kada ki kai wa ƙaninki maganar a matsayin an kayar da shi. Ki ce masa kin auna lissafin mai da na gyara, kuma kina buƙatarsa wajen binciken lambar shasi. Allo da kyamarar baya da yake so, ana sa wa kowace mota a kasuwa da kuɗi kaɗan, in ma ba ta zo da su ba. Ki bar masa wannan ya zaɓo miki mai kyau. Maigida kuma ya raka ki da bakanike ranar dubawa, ya kuma san cewa idan RAV4 ɗin da aka samo ta faɗi jarrabawar da na lissafa, za a bar ta ne duk da sunanta.

Idan kun tace kun rage biyu ko uku, ki turo mini shekarar kowacce da lambar injinta da abin da kwamfuta ta nuna, mu duba tare kafin ki biya. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya tsare hanya.